Gaton Lemun Tsami da Ya Dawo Malbaza

Gaton lemun tsami da Lauratu matar Barmo ta gasa wa ɗanta na fari ya dawo gidanta a Malbaza da la'asar, ba a yanka shi ba. Ɗan nata, Inusa, mai shekara ashirin da uku, ya ƙi karɓarsa a tashar motar Birnin Konni, ya shiga motar Yamai a kan hanyarsa ta zuwa Abijan. Abin ya faru ranar Laraba, sha biyu ga Agusta, 1987, mako ɗaya bayan babbar salla. An gaya masa saƙon daga babansa ya fito. Lauratu ce da bakinta ta ce a faɗa masa haka.

Lauratu mutuniyar Tajaye ce, shekarunta arba'in da biyu. A gidansu, kamar a yawancin gidajen yankin, uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta zama hira da shi, ba ta nuna wa mutane cewa ta damu da shi. Macen da ta riƙe wannan kunya ana yabonta, Lauratu kuwa ta riƙe ta sosai. Ranar da aka yaye Inusa, yayar babansa, Gwaggo Mariama, ta ɗauke shi zuwa Konni. Can ya girma, can ya yi lakwal, wato makarantar boko. In ya zo Malbaza hutu, Lauratu takan ce wa ƙanwarsa Bilkisu, "Kai wa wancan ruwa," ko kuma "Ki ce wa ɗan Mariama tuwo na hucewa." Bilkisu ta ce a iya saninta ba ta taɓa ganin uwar ta ɗaga ido ta dube shi a fuska ba.

Gato, abin da mutanen Najeriya ke ce wa kek, Lauratu ta koye shi ne a gidan wani ma'aikaci ɗan Togo a kamfanin siminti na Malbaza, inda ta yi shekara biyu tana yi wa matarsa wanki da girki. Bayan ta bar aikin sau ɗaya ta gasa shi. A 1974 Inusa ya kamu da shawara yana ɗan shekara goma, ya ƙi cin komai. Lauratu ta gasa gato ta aika Konni, ta ce kada a faɗa. Mariama ta gaya wa yaron wurin matar wani likita ta samo. Ya cinye shi cikin kwana uku. Mariama ta rasu a 1985 ba ta gyara maganar ba.

Inusa ya zo Malbaza da babbar salla. Ya gama lakwal shekara huɗu ke nan bai sami aikin buro, wato na ofis, ba. Barmo, wanda ke gadin dare a kamfanin siminti, ya samo masa gurbi cikin masu lodin buhu. Inusa ya ce ba ya so, Abijan za shi. Sun yi sa-in-sa a ƙofar gida a gaban maza huɗu, washegarin salla. Barmo ya ce duk karatun nan da ake taƙama da shi, da guminsa aka ci tuwon da aka yi shi. Inusa ya miƙe ya rantse cewa ba zai ƙara cin abin da ya fito daga hannun babansa ba. Mazan da ke wurin suka tashi ɗaya bayan ɗaya. A cikin gida an ji muryoyi sun ɗaga, ba a ji kalmomin ba, kuma ba wanda ya shigo da labarin rantsuwar wurin mata.

Da yammacin ranar Inusa ya leƙa ɗakin Bilkisu. Ita shekararta ashirin, a Alela take aure, ta zo gida wankan jego bayan haihuwarta ta fari. Jaririyar tana da kwana goma sha biyu.

"Yaya, ka bari a cire gero mana," in ji Bilkisu. "Mi kake sauri? Abijan gudu za ta yi?"

"In zauna saboda wa?"

"Saboda Inna."

"Wace Inna? Innata na maƙabartar Konni shekara biyu ke nan. Wannan ko sunana ba ta sani ba."

"Haba Yaya. Kai ma ka san yadda ake yi."

"Na sani ƙwarai. Ke ma ga ki nan kin fara. Tun da na shigo ɗiyar nan ke kuka, ba ki ɗauke ta ba sai da na juya ina neman kujera."

Bilkisu ba ta musa ba.

"Ban ce ta kira sunana ba," in ji Inusa. "Abu guda ɗai nake so in gani, in ce wannan daga wurinta ya fito. Da na gan shi, wallahi sai bayan kaka in tahi. Shekara ashirin da uku ban gani ba. Laraba ina tasha."

Lauratu tana bayan zana a lokacin, tana hura wuta ƙarƙashin tukunyar ruwan wankan jego. Tsakaninta da ɗakin bai kai taki biyar ba. Ta ci gaba da zuba ganyen dogon yaro a cikin ruwan. Washegari da safe Inusa ya gaishe ta daga ƙofar madafa, ta amsa tana kallon turmi, ya koma Konni.

Kwana biyar ta yi tana haɗa kaya. Ƙwan zabo goma ta samo wurin maƙwabciyarta Hawa'u, ta saka su a ƙwaryar ruwa ɗaya bayan ɗaya, duk suka nutse, alamar ba ruɓaɓɓe. Man shanu ta karɓa wurin Bafulatanar da ke kawo musu nono, ta wanke shi da ruwan sanyi sau uku har tsamin nonon ya fita. Fulawa da sukari da lemun tsami kuwa Rabo direba ta sa ya zo mata da su daga Konni. Rabo taubashinta ne, ɗan ƙanin uwarta, yana jan wata tsohuwar Fijo mai buɗaɗɗen baya tsakanin Malbaza da Konni, kilomita talatin da wani abu. Garin da ke tayar da gato, wanda matar ɗan Togo ke sayowa a ƴar takarda, ba a same shi a Malbaza ba. Lauratu ta san kanwa kaɗan da ruwan lemun tsami suna yin aikin, in dai hannu bai zarce ba.

Ranar Laraba an yi ruwa da asuba, gawayi ya jiƙe. Ta ɓata kusan rabin awa kafin ya kama. Ta ɗauko babbar tukunyar ƙarfe, ta zuba rairayi tsawon yatsa biyu a gindinta, ta ɗora a wuta don ya yi zafi. Ta goga bawon lemun tsami uku a kan murfin gwangwanin sardin da ta huhhuda da ƙusa. Koren kawai take ɗauka, da ta ga fari ya bayyana sai ta juya lemun, don farin ɗaci gare shi. Ta buga ƙwai shida da sukari awon gwangwanin madara ɗaya, da maburgi, har suka yi fari suka kumbura. Ta zuba man shanu narkakke, da fulawa gwangwani biyu da ta tankaɗe sau biyu, da bawon, da ruwan lemun bayan ta tsince ƴaƴan. Kanwar ta zo daga ƙarshe. Ta shafa mai a kwanon sha, ta juye ƙullin, ta zaunar da kwanon a kan rairayi, ta rufe tukunya, ta jera garwashi a kan murfi.

Da ƙarfe bakwai da kwata Barmo ya dawo daga gadi. Ya tsaya a tsakar gida yana shaƙar iska.

"Mi ake toyawa da sassafe haka?"

Lauratu ta sauke tukunyar daga wuta ta tura ta bayan randa, ta ce, "Kayan mai jego ne."

"Mai jego da ƙamshin lemu? Mu zamaninmu kunun kanwa munka sani."

Ya zauna ya sha kunu a nan tsakar gida, a hankali, yana ba da labarin wata babbar mota da ta kafe a ƙofar kamfani. Sai da ya shiga ɗaki ya kwanta ta mayar da tukunyar. Da ta buɗe daga baya, tsakiyar gaton ya lotsa, ya zama kamar danƙo. Ta kife shi a akushi ta rufe.

Ƙwai huɗu suka rage. Ta rage fulawa, ta rage sukari, ta ɗauko ƙaramin kwano, ta sake daga farko. Bilkisu tana zaune a bakin ƙofar ɗakinta tana kallo.

"Inna, na wa ne?"

"Miƙo mini tsintsiya."

"Na Yaya ne?"

"Na ce ki miƙo mini tsintsiya."

Wannan karon ba ta taɓa murfin ba sai da ta ƙiyasta minti arba'in sun wuce. Ta zare tsinke ɗaya daga tsintsiyar, ta wanke, ta soka a tsakiya. Ya fito a bushe. Saman ya yi ja daidai, ya tsage kaɗan a gefe ɗaya. Ta dafa ragowar ruwan lemun da sukari cokali biyu, ta yayyafa a kai tun yana da zafi.

Rabo ya yi sallama da ƙarfe goma saura, motarsa na ruri a waje don in ya kashe ta sai an tura.

"Ina baiwata? Fasinja na zagina, na ce musu wata tsohuwa ƴar Tajaye ta riƙe ni."

"Tsohuwa ita ce motarka. Zauna, bai huce ba."

"Kai! Mi ne ne wannan? Masar nasara? Lauratu, ashe kin iya abin kirki kike ba mu tuwon jiya? Yanko mini gefe, hakkin taubashi."

"Ka taɓa shi in fasa maka kai da muciya. Akwai wanda ya lalace, shi ya dace da kai."

Ta ba shi na akushi. Ya ci a tsaye, ya ce ko wannan ma ya fi ƙarfin mutanen Tajaye.

Ta sa gaton a langa mai murfi. Ta kwance kallabin kanta, shuɗi mai zanen ganye, wanda ta ɗaura duk kwanakin salla, ta shimfiɗa, ta ɗaure langar a ciki. Ta tsaya tana duban ƙunshin. Sai ta kwance, ta mayar da kallabin kanta. Ta shiga madafa ta fito da takardar buhun siminti, cikin waɗanda Barmo ke kawowa gida ana kunna wuta, ta yage ɓangaren ciki mai tsabta, ta naɗe langar, ta ɗaure da igiyar kaba.

"Tashar Yamai za ka kai," in ji ta. "Wancan na nan."

"Wane wancan? Konni cike take da wancan."

"Ɗan Mariama."

"To, Inusa. In ce daga wa?"

Lauratu ta sunkuya tana kwashe toka daga murfin tukunya. Hawa'u maƙwabciya ta shigo a daidai lokacin da ƙwarya a hannu, ta zo duba mai jego, ta tsaya tana jira a gama magana.

"Ka ce daga babansu."

"Inna!" in ji Bilkisu.

"Yi shiru ki ba ɗiyar mutane nono."

Bilkisu ta ce daga baya ta yi niyyar bin Rabo zaure ta raɗa masa gaskiya. Mai jego ba ta fita ƙofar gida kafin arba'in, ga jaririya a cinya, ga Hawa'u tsaye. Kafin ta yanke shawara motar ta tashi.

Abin da ya faru a Konni daga bakin Rabo aka ji shi. Laraba ranar kasuwa ce, hanyar shiga gari ta cushe da amalanke da jakuna, bai kai tasha ba sai bayan sha ɗaya da rabi. Ya tarar da Inusa a kan benci ƙarƙashin rumfa, da jaka ɗaya da tabarma naɗaɗɗiya. Motar Yamai saura mutum biyar ta cika.

Inusa ya karɓi ƙunshin ya kwance igiyar. Ya ɗaga murfin. Ya kai langar kusa da hancinsa.

"Irin wanda Gwaggo ta samo mini ne ina ƙarami," in ji shi. "Kawu Rabo, wa ya iya wannan a Malbaza?"

"Ni direba ne, ɗana. Kaya ake ba ni."

"Wa ya aiko?"

"An ce daga babanka."

"An ce?"

"Haka anka ce in ce."

Inusa ya juya takardar da aka naɗe langar da ita. A bayanta akwai tambarin siminti. Ya rufe murfin, ya mayar da takardar yadda take, ya ɗaure igiyar.

"Ka mayar mishi. Ka ce na gode, amma na yi rantsuwa."

"Rantsuwa a kan masa? Kai yaro, ci abinka ka yi kaffara a Abijan, azumi uku ne. Can ma yunwa za ta sa ka yi su ko ba ka so."

Inusa bai yi dariya ba. Ya ajiye langar a kan benci tsakaninsu.

"Ba wani saƙo kuma? Daga cikin gida?"

"Bilkisu na gaishe ka," in ji Rabo, ko da yake Bilkisu ba ta ba shi saƙo ba.

"Sai wa?"

"Shi ke nan."

Rabo ya ce ya san hannun da ya gasa, tun da a gabansa aka juye shi daga kwano, kuma maganar ta zo masa har bakinsa. Dalili biyu ya bayar na yin shiru. Na farko, shekara ashirin yana kai saƙon mutane, yadda aka ba shi haka yake sauke shi, shi ya sa ake ba shi. Na biyu, a ce a tsakiyar tasha, a gaban ƴan kamasho da masu tallan goro, wance ta tashi da asuba ta yi wa ɗanta na fari girki na musamman, tonon asiri ne, kuma shi taubashi wasa yake da ita, ba tozarta ta ba. Rantsuwar ma a nan ya fara jin ta, bai san ko Lauratu ta sani ba.

Motar ba ta cika ba sai bayan minti arba'in. Duk wannan lokaci suna zaune, langar na tsakaninsu. Sun yi maganar hanya, da shingayen jandarma, da jirgin ƙasa da ake hawa daga Wagadugu. Da ɗan kamasho ya kira, Inusa ya ɗauki jakarsa. Rabo ya sake miƙa masa langar ta taga. Ya girgiza kai. Motar ta tashi da ƙarfe ɗaya saura kwata.

Rabo ya iso Malbaza bayan sallar la'asar. Barmo yana tsakar gida yana shirin fita gadi, Lauratu na tankaɗe, mata uku na ɗakin mai jego. Rabo ya ajiye langar a kan tabarma, ya faɗi saƙon yadda aka ba shi, ba wasa a ciki.

"Wace rantsuwa?" in ji Bilkisu daga ɗaki.

Barmo ne ya amsa. Ya faɗi abin da aka yi a ƙofar gida washegarin salla, cikin jimla biyu. Lauratu ta dakata da tankaɗe. A lokacin ta fara jin labarin.

Barmo ya kwance ƙunshin ya duba. Ya dubi matarsa.

"Wannan ne kayan mai jegon?"

Ta koma kan tankaɗenta.

"Ni ban aika komi ba, ga shi an mayar mini a gaban ƴan tasha. Wa ya ce a sa sunana?"

"Da sunan wa za a sa?" in ji Lauratu.

Barmo ya ɗauki sandarsa da tocila ya fita. Lauratu ta ɗauko wuƙa ta yanka gaton gida takwas, ta kai wa matan da suka zo barka. Suka yaba, ɗaya ta tambayi yadda ake yi, ta gaya mata awon ƙwai da na fulawa dalla-dalla, har da gargaɗin farin bawo. Ita ba ta ci ba. Bilkisu ma ta ce cikinta ba ya so.

Bilkisu ta gama arba'in ta koma Alela a watan Satumba. Bayan an cire amfanin gona, wani mutumin ƙauyen mijinta mai suna Labbo ya shirya tafiya cirani Abijan. Ta sa mijinta ya kira shi zaure, ta yi masa magana ta bayan labule. Saƙon gajere ne: in ya ga Inusa ɗan Barmo na Malbaza, ya ce masa Inna ce ta gasa, na bana da na lokacin shawara duka. Labbo ya maimaita sau biyu ya ce ya riƙe. Bai san unguwar da Inusa ya sauka ba, amma ya ce mutanen Konni a can ba su ɓace wa juna.

A tsakiyar Fabrairu 1988 wasiƙa ta zo ta akwatin gidan waya na kamfanin siminti, da kan sarkin ƙasar Kodebuwa. Barmo bai iya boko ba, ya kai wa Mato, mai rubuta wa mutane wasiƙa a bakin gidan waya. Mato ya duba bayan ambulan ya ce hannun Inusa ne, amma ba sunan Barmo ke kai ba. An rubuta Lauratu, da manyan baƙaƙe. Ya tambaya ko ya buɗe. Barmo ya ce a'a, ya kawo ta gida.

Lauratu ta goge hannu a zane ta karɓa. Ita ma ba ta karatun boko, Bilkisu ma haka. Duk wanda zai karanta mata, sai ta zauna a gabansa ta saurari abin da ɗanta na fari ya ce mata, mai karatun yana ji. Barmo ya ce zai kira Mato har gida, a rufe ƙofa. Ta ce a bari tukuna. Ya sake maganar sau biyu, ɗaya kafin azumi, ɗaya a cikinsa. Rabo ya ce akwai wata malamar lakwal a Konni, baƙuwa ce, ba ta san kowa a Malbaza ba, zai kai ta ya dawo da ita a rana ɗaya. Ta ce masa ta ji.

Har zuwa ƙaramar sallar 1988, wata uku bayan zuwanta, wasiƙar tana ƙasan kwallar Lauratu, a liƙe. Labbo bai dawo daga cirani ba, kuma ba wanda ya sani a Malbaza ko a Alela ko ya sadu da Inusa kafin a rubuta ta.